Ruwan da Aka Zubar Ba Gafara

Dutsen farko ya faɗo ne da magariba, wata Laraba cikin watan Agusta, daidai lokacin da Hannah ta zagaya bayan madafa da tukunyar ruwan zafi a hannu. Ta tsaya a bakin kwata kamar yadda ta saba shekara ashirin da biyu, ta ce ƙasa-ƙasa, "Gafara masu wuri, a janye yara," sannan ta tuttular. Kalmomin nan ta gaje su daga uwarta, tare da tukunyar. Fasto ya taɓa yin wa'azi guda sukutum a kansu. Hannah ta saurara da kyau, ta ce amin, ta dawo gida ta ci gaba da faɗa, sai dai ta rage murya.

Tururin bai gama tashi ba aka ji ƙara a kan rufin kwano. Abin ya gangaro a hankali, ya faɗo tsakar gida kusa da ƙafar mijinta Sila, wanda ke zaune a kan benci yana cire dogon takalmin roba.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Sila, bai ko ɗaga kai ba. "Mangwaro suke jifa."

Babu bishiyar mangwaro a gidan, kuma ko da akwai, mangwaro ya ƙare tun kafin shuka. Hannah ba ta tuna masa ba. Ta sunkuya ta ɗauki dutsen. Santsi gare shi, irin wanda ruwa ya daɗe yana gogewa, a jiƙe yake, da gansakuka a gefe ɗaya. Ta kai shi hanci, ta yi maza ta yar. Warin ba baƙo ba ne a gidan. Shi ne ke rako takalman Sila gida kullum.

Aikin Sila kula da tafkuna uku ne da ke gangaren unguwarsu, inda gidajen Zuru ke ƙarewa gonakin dawa su fara. Shekara goma sha biyar da suka wuce wasu masu hular kwano suka zo suka gina su, aka yi bikin buɗewa, aka yi jawabai, aka ci shinkafa. Dabarar ba wuya. Ruwan kwatocin unguwa huɗu, da na mahauta, da abin da motocin kwashe masai ke kawowa, duk su taru a tafki na farko, ƙazanta mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Abin da ya taso ya malala zuwa na biyu, rana da iska su yi aikinsu. Daga nan sai na uku, inda ruwan ke washewa har kwaɗi su yarda su zauna. Sai ya kwana ashirin da ɗoriya a wannan tafiya kafin ya fita ta bututu ya shiga rafi. Babu inji, babu lantarki, abin da ke nuna masu ginin sun san ƙasar da suka zo. Abu ɗaya suka roƙa: a riƙa yashe tafki na farko duk bayan shekara uku. An yashe shi sau ɗaya a ƙasa, sau biyar a takarda.

Saboda haka laka ta cinye shi, har ciyawa ta fito a tsakiya. In marka ta kama, ruwa ya rasa mazauni, sai ya koma da baya ta kwatoci ya shiga tsakar gidajen mutane, ciki har da waɗanda ke da lambar wayar ogan Sila. To masu ginin sun bar wata ƙofar ƙarfe a gefe, mai sitiyari da kwaɗo, saboda ranar tsananin larura. In an buɗe ta, ruwan ya tsallake tafkunan duka uku ya zarce rafi ɗanyensa. Leburori na kiranta ɓarauniyar hanya. A ofis ba ta da suna, domin a ofis ba a taɓa buɗe ta ba. Oga kan bugo waya ya ce, "Sila, yaya ruwa?" Sila ya ce ya cika. Oga ya ce, "To ka san aikinka." Sila ɗan tsohon soja ne, an rene shi a kan cewa ba a tambayar umarni ma'anarsa. Yakan jira rana ta faɗi, masu gona su tashi, ya murɗa sitiyarin sau tara, ya koma gida ya cire takalmi. Ranar Larabar nan ma abin da ya yi ke nan, karo na shida a daminar.

Su uku ne a gidan. Yaransu maza biyu sun bi sawun kakansu sun shiga soja, sai autarsu Saloma, 'yar shekara goma sha tara, mai koyon aikin jinya. Makarantarsu ta tura ta gwajin aiki na wata uku a wani ɗan asibiti mai ɗaki biyu a Tungar Ɗorawa, wani ƙauye da ke bakin rafin nan ta ƙasa, tafiyar minti ashirin a babur in hanya ta yarda. Ta dawo saura mako ɗaya ta gama. Da aka tambaye ta sai ta ce an sallame su. Ta rame, ta rage magana, ta ƙara yawan wanke hannu. Uwarta ta ce gajiya ce. Ubanta ya ce abincin ƙauye ne.

Ranar Alhamis duwatsu uku suka faɗo. Ranar Juma'a bakwai. Ba su taɓa zuwa cikin dare ba, ba su taɓa zuwa da rana ba, sai a wannan ɗan tsakanin da kaji ke neman akurki, muryar ladan na tahowa daga cikin gari, duwatsun gabas sun yi baƙi kafin sama ta yi. Sila ya hau katanga da tocila da sanda ya leƙa ko'ina, bai ga kowa ba sai akuyar maƙwabta, ita kuwa ba a san ta da jifa ba. Maƙwabta suka shigo suka tsaya suka ga abin da idonsu, kowa ya kawo bayaninsa, kowa ya tafi gida da wuri. Duwatsun duk iri ɗaya ne, jiƙaƙƙu, masu santsi, masu wari. Hannah ta tara su a tsohon bokiti a bayan gida. Ba ta san dalilin da ya sa ta ƙi zubar da su ba.

Sai randa ta ɗauki wari. Ruwan burtsatse ne, Hannah da kanta ta ɗebo shi da safe, garau. Kafin yamma wanda ya buɗe murfin sai ya kau da kai. Ta wanke randar da toka, ta kife ta a rana, ta sake cikawa. Washegari haka.

Ranar Lahadi bayan an dawo daga coci, rana ta yi sanyi, tsakar gida ta yi shiru irin wanda kunne ke jin nauyinsa. Hannah ta fito ta tarar da Saloma zaune a ƙasa kusa da randa, ta miƙe ƙafafu, ta sunkuyar da kai, hannunta ɗaya a kan murfin.

"Saloma, tashi daga ƙasa, akwai sanyi."

Yarinyar ta ɗago. Idanun nata ne. Muryar da ta fito kuwa ta tsohuwa ce, mai kaushi, mai jan numfashi tsakanin kalma da kalma.

"Mi munka yi muku?"

Hausar Saloma irin ta 'yan makarantar Zuru ce, rabinta Turanci, in abin ya yi zafi ta koma C'lela, yarensu na gida. Ba a taɓa jin "munka" a bakinta ba. Masu son bayani suna iya tunawa cewa ta yi kusan wata uku tana auna jinin tsofaffin Kabawa a tunga, kuma kunnen yaro ba ya rasa ɗauka. Hannah ba ta cikin masu son bayani a wannan yammacin. Ta saki kwanon da ke hannunta, ta kira mijinta da sunansa tsirara, abin da ba ta yi ba tun ranar aurensu.

Daga ranar Saloma ta daina shan ruwa. Aka kai ta asibiti, likita ya ce taifod ne da maleriya, wanda shi ne abin da ake ce wa kowa. Aka sa mata ƙarin ruwa, ta bari ma'aikaciya ta juya baya ta zare allurar da kyau, irin zarewar wadda aka koya wa. Zazzaɓi ya sauka, muryar ba ta sauka ba. Aka dawo gida. Fasto ya zo da matan zumunta goma sha ɗaya, suka cika tsakar gida da waƙa da addu'a har muryoyinsu suka dushe. Muryar ta jira da ladabi har suka ce amin, sannan ta ce a ba ta ruwa mai kyau. Aka kawo na burtsatse, ta shinshina ta zubar. Aka kawo na leda, ta shinshina ta zubar. Aka sayo na roba mai hatimi daga babban kanti, ta riƙe shi ta ɗan daɗe, ta ce, "Wanga na masu kuɗi na," ta zubar.

Zuwa Laraba leɓunanta sun tsattsage, idanunta sun faɗa, in an ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Hannah ta san wannan alama, domin Saloma ce ta koya mata ita.

"Baban Saloma, zan kira Kawu."

Sila ya dubi ƙasa. "Me mutanen coci za su ce?"

"Su zo su ce a gaban gawarta."

A Zuru, gidan da ba a samun coci da masallaci a cikin danginsa gidan baƙo ne. Malam Ɗan'azumi ƙanen uwar Hannah ne, tsohon malamin Arabiyya a firamare, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ba ya son aikin aljanu. Yakan ce cikin aljanu goma da ake kawo masa, tara yunwa ce ko baƙin cikin da aka hana fita ta baki, na goman kuma yawanci farfaɗiya. Da aka ce ya zo bayan isha'i sai ya ƙi. Ya ce aljanin da ke da gaskiya ba ya gudun rana, shi kuma idonsa ba ya gani da dare. Ya zo bayan la'asar a bayan ɗan acaɓa, da buta da ɗan littafi da ƙullin habbatus sauda.

Ya ƙi kujera. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da Saloma ta jingina da uwarta. Hadari na haɗuwa ta gabas, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Ya duba bokitin duwatsun, ya shinshina ɗaya, ya dubi takalman Sila da ke jingine a bango. Sannan ya zauna ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya, kamar mai karanta wa kansa. Ya daɗe. Kan yarinyar ya fara rangaji, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe.

"Assalamu alaikum," in ji Malam, "bawan Allah ko baiwar Allah."

"Wa alaikumus salam. Kai ɗai ka yi mini sallama tun da na zo gidan ga."

"Su ma sun yi, da irin tasu. Daga ina?"

"Gurbin da ke ƙarƙashin ɗorawa, ƙasa da tunga kaɗan. Tun ba a kafa kasuwa ba muke nan."

"Mi ɗiyar ga ta yi miki?"

"Ba ta yi komi ba. Ta zo bakin gurbi ta zauna tana kuka, na ga ƙofa buɗe na shiga."

"To wanda bai yi komi ba ake hana ma ruwa?"

"Tambayar da na zo yi ke nan, Malam."

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ko da yake ba su yi datti ba. Ya ce ta faɗi ƙararta, yana ji.

"Matar gidan ga," in ji muryar, "in za ta zubda ruwan tukunya guda, sai ta ce a janye yara. Mun ji mun gode. Shekara ashirin danginmu na nan suna janyewa. Mijinta ko, shi ya tai ya murɗa ƙarfe sau tara, ya sako muna kashin gari guda da jinin mahauta, cikin duhu, ko gyaran murya bai yi ba. Jikokina ukku sunka kwanta. Biyu sun tashi."

Sila, wanda ke tsaye a jikin bango, ya zame ya tsuguna. Babu wanda ya san adadin murɗawar sai shi. Gaskiya ne cewa tana ƙarama yakan ɗora Saloma a gaban babur ya tafi da ita tafkuna, ita ke ƙirga masa da ƙarfi ranar da aka gwada ƙofar, amma wannan tsohon zance ne, kuma bai faɗo masa a rai ba. Haka kuma a ɗan asibitin tunga yara uku aka kwantar da amai da gudawa a makon da Saloma ta baro, biyu suka tashi, ta ukun mai suna Rufaida ta cika a hannun 'yar koyon aiki da ba ta sami jijiyar da za ta sa allura ba. Wannan ma wataƙila dacewa ce kawai.

"Mi kike so a yi?" in ji Malam.

"A mai da muna rafi yadda yake."

Malam ya juya. "Suruki, ka ji."

"Kawu, ba a hannuna yake ba."

"To a yashe tafkin," in ji muryar. "Ko an ce ban san shi ba? Ciyawa ta fito mai bisa kai."

"Sai da katafila da tifa," in ji Sila, yana magana da tabarma. "Na rubuta takarda sau goma sha ɗaya. Ta ƙarshe an ce mini tana kan tebur."

"Wane tebur?" in ji muryar.

Sila bai sani ba.

"To ka toshe ƙofar. Ka kira mai walda."

"In na toshe, ruwan zai koma cikin gidaje. Nan ma akwai yara. Kafin kwana biyu za su fasa kwaɗon, su kore ni, su kawo wani. Shi ko ba zai tsaya a sau tara ba, zai buɗe ta duka ya tafi."

Can nesa aka yi tsawa mara ƙarfi. Numfashin Saloma ya koma gajere, kanta ya yi nauyi a kafaɗar uwarta. Malam ya ga haka, ya gyara zama, ya sa kaushi a muryarsa kamar yadda littafi ya ce a yi. Ya ce mata duk abin da aka yi mata, shiga jikin ɗan Adam zalunci ne, in ba ta fita ba zai karanta abin da zai ƙone ta.

"Ƙona," in ji ta. "Wari ya riga ka."

Ya buɗe littafin. Ya dubi shafin ya daɗe. Sannan ya rufe, ya ɗora hannu a kai.

"Suruki," ya ce, ba tare da ya juyo ba, "na kori masu ƙarya, na kori masu kwaɗayin turare da jan zakara. Ba a koya mini ayar da ake karanta wa mai gaskiya ba."

A nan Hannah ta yi magana, karo na farko. Ba ta yi kuka ba, ta riga ta gama wannan tun Litinin. Ta sa baki kusa da kunnen ɗiyarta ta ce, "Kaka, ni ban taɓa fasa ce muku gafara ba, ko ranar da aka yi mini wa'azi. Ku bar ta ta sha ko kurɓa ɗaya. Ita kaɗai gare ni a gida."

Muryar ta yi laushi, kamar ta gaji.

"Na ga gidan ga ba mai iko cikinai. Na ɗauka wanda ke riƙe da makulli shi ad da ƙofa. To ga abin da ya rage. Ya koyi abin da matatai ta iya. Duk randa zai buɗe, ya sauko da rana tsaka, ido na ganin ido, ya ce gafara. Ya shiga tunga ya gaya ma mutane, ya ce shi ne mai buɗewa, ya faɗi lokaci."

"In na faɗa, ofis za su ji," in ji Sila.

"Ofis ba ya shan ruwa?" in ji muryar.

Malam ya juyo gaba ɗaya ya dube shi ta saman tabarau. "Sila, damina nawa ka yi kana golmo, noman neman aure, a gonar yayata kafin a ba ka uwar yarinyar ga?"

"Huɗu."

"Ka yi noman damina huɗu don uwa, ka kasa tafiyar minti ashirin don ɗiya?"

Sila ya ce zai yi. Muryar ta ce ba ta karɓar "zan yi" daga ma'aikacin hukuma. Malam ya ce kowa da littafinsa, Hannah ta nuna masa inda Littafi Mai Tsarki nata yake, ya shiga da kansa ya ɗauko, ya riƙe shi da gefen rawaninsa ya miƙa. Sila ya ɗora hannu ya rantse.

"To ki fita," in ji Malam, "ki koma gurbinki lafiya."

"Gurbi? Wa zai koma? Mu, tashi za mu yi. Muna da dangi wajen Bena, bisa dutse, ruwansu daga sama yake zuwa. Mu muna da inda za mu. Gafarar ba tawa ba ce, Malam. Ta waɗanda ba su iya tashi ce."

Saloma ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ruwan sama ya fara sauka ɗigo-ɗigo a kan kwano, kowa ya ɗaga kai, amma ruwa ne kawai. Can ta buɗe ido ta ce da muryarta, da C'lela, tana jin ƙishirwa. Hannah ta ɗebo daga randa, ta shinshina da kanta tukuna. Ba wari. Yarinyar ta sha kofi ɗaya, ta amayar, ta sha na biyu ya zauna. Malam ya ce a haɗa mata na gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan, ita ta fi su sanin awon. Ya ƙi karɓar komai, ya manta habbatus saudarsa a kan tabarma.

Jifa ya tsaya. Saloma ta ce ba ta tuna komai ba, kuma ba wanda ya matsa mata. Ta koma gaida ubanta da safe kamar da, sai dai in ya dawo daga aiki takan dubi takalmansa kafin ta dubi fuskarsa.

Kwana tara bayan haka aka kwana biyu ana ruwa. Da hantsi waya ta yi ƙara. "Sila, yaya ruwa?" Ya ce ya cika. "To ka san aikinka."

Ya hau babur da azahar. Hanya ba ta yarda ba, sai da ya yi kusan awa, rabinta yana turawa. Ya fara tsayawa a gurbin da ke ƙarƙashin ɗorawa. Ruwa ne kwance, kalar toka, da kumfa a gefe. Ya duba hagu da dama, ya ga ba kowa, ya ce gafara, yana jin kansa kamar wawa. Ba abin da ya amsa. Ko kwaɗo babu.

A tunga ya gaya wa mai gari, wanda ya saurare shi, ya ce Allah ya kyauta, ya nuna masa famfon burtsatse da hannunsa ya karye shekara biyu da suka wuce, kamar Sila ne zai gyara. Daga nan ya gangara mashaya, inda mata ke ɗiba. Ya tsaya daga nesa ya yi sallama. Wata mace doguwa mai jarka biyu ta amsa. Sunanta Larai. Ita ce uwar Rufaida, amma Sila bai sani ba, kuma ba wanda ya gaya masa.

"Ni ne mai kula da tafkunan gari," ya ce. "Akwai ƙofa da ake buɗewa in ruwa ya cika, ƙazanta ta biyo rafi. Ni ke buɗe ta. Yau da magariba zan buɗe. Kada ku ɗiba har kwana uku."

Matan suka tsaya da hannuwansu a cikin ruwa. Larai ta dube shi tun daga hula har takalmin roba.

"Kai ne uban 'yar likita?"

"Ni ne."

"Ta ji sauƙi?"

"Ta ji."

"Madalla. Yarinyar kirki." Ta gyara ɗaurin zane. "To kwana ukkun nan, ina za mu ɗiba?"

Sila ya yi tunanin burtsatsen da ya karye, ya yi tunanin gaya musu su tafasa, ya dubi jiƙaƙƙen itacen da ke jibge a bakin hanya.

"Kana iya ƙin buɗewa?" in ji Larai.

"A'a."

"To mun gode da ka faɗi. Ba a taɓa gaya muna ba." Ta juya ta ɗaga murya wajen gidaje, ta ce a fito da tuluna da tukwane da duk abin da ke riƙe ruwa, a ɗiba kafin rana ta faɗi. Sannan ta ce masa, ba da faɗa ba, "Duk in mun cika su, kwana guda da yini suke kai mu. Matsa in ɗiba."

Ya matsa.

Bayan mako biyu takardar tuhuma za ta iso shi daga ofis, a kan yaɗa jita-jita game da wata ƙofa da ba a taɓa buɗewa ba, kuma a yammacin ranar oga zai bugo ya tambayi yaya ruwa. Amma wannan yana gaba. A ranar dai ya koma tafkuna, ya zauna a kan dakalin siminti yana kallon ruwan da ya kai baki yana neman hanyar komawa cikin unguwa. Ya jira fiye da yadda ya saba, don ya ƙara wa masu tuluna lokaci. Masu gona suka tashi. Ladan ya kira salla. Duwatsun gabas suka yi baƙi.

Ya cire kwaɗon, ya kama sitiyarin da hannu biyu. Ya yi gyaran murya, ya fuskanci gangare, ya ce da ƙarfi yadda matarsa ba ta taɓa faɗa ba, "Gafara masu wuri, a janye yara."

Ya murɗa sau tara. Ruwan bai tsaya jin ko an janye ba.